Babi na Shida: Daga Isha'i Zuwa Asuba

Bahaushe ya yi wa dare kirari biyu masu karo da juna. Ya ce dare mahutar bawa, ya kuma ce dare rigar mugu. Wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da mai ciwon sukari ya san kowanne daga cikinsu yana da ranar gaskiyarsa.

Da rana ciwon nan ba ya rasa wurin ɓuya. Mutum ya sha ruwa moɗa bayan moɗa, sai a ce ai garin ne da zafi. Ya ji jikinsa ya mutu, sai a ɗora wa kasuwa ko gona. Ya zaga bayi sau goma, ba mai ƙirga masa. Amma in an yi isha'i gari ya yi tsit, rana ta faɗi, kasuwa ta tashi, duk waɗannan uzurori sun ƙare. Abin da jiki ya yi a wannan lokaci, nasa ne shi kaɗai. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ne ke ɗauke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Da yawa daga cikinsu jikinsu ya daɗe yana faɗa musu a kowane dare, fassarar ce ba su samu ba.

Dare iri biyu ne a wurin mai ciwon sukari: daren da sukari ya hau, da daren da ya faɗi. Na farko yana cin mutum a hankali, shekara da shekaru, kamar yadda gara ke cin azara. Na biyu yana iya gamawa da shi kafin ladan ya yi kiran farko. Abin da ke ceton rai a daren faɗuwa, shi ne ke ƙara wuta a daren hawa. Don haka rarrabe su shi ne babban ilimin da iyalin mai wannan ciwo ke bukata, kuma shi za mu bi a wannan babi, daga kwanon tuwo har zuwa sallar asuba.

Cokali ɗaya da rumbu ɗaya

Jinin da ke jikin baligi ya kai kimanin lita biyar. Duk sukarin da ke yawo a cikinsa, in mutum lafiyayye ne, giram huɗu ne zuwa biyar, wato cikin cokalin shayi ɗaya. Ƙwaƙwalwa kuwa tana cin wajen giram 120 a yini da kwana, ba ta kuma da ajiya tata. Ke nan in ba a riƙa cika cokalin nan ba, cikin awa ɗaya ta lashe shi.

Da rana abinci ke cika shi. Da dare aikin hanta ne. Hanta kamar rumbu take: tana ajiye sukari wajen giram 100, tana fitar da shi kaɗan-kaɗan yayin da mutum ke barci. Mai riƙe da mabuɗin rumbun shi ne sinadarin insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi ke samarwa. Shi ke cewa a fitar da awo kaza, a tsaya haka nan. A jikin mai ciwon sukari, ko dai insulin ya yi ƙaranci ko jiki ya daina jin maganarsa, sai rumbu ya yi ta zuba ba ma'auni. In kuma an sha ƙwaya ko an yi allurar da ƙarfinta ya zarce bukata, sai a garƙame rumbun gaba ɗaya, ƙwaƙwalwa ta kwana da yunwa.

Sai a lura da lambobi, don sun sha ruɗa mutane. Wasu na'urorin gwaji suna ba da lamba babba kamar 126, wasu ƙarama kamar 7.0. Duk abu ɗaya ne: in ka ninka ƙaramar sau 18 za ka sami babbar. A Nijar da sauran ƙasashen da ke bin tsarin Faransa ana rubuta wannan adadin 1.26. A babin nan za mu riƙa kawo babbar, sau da yawa mu bi ta da ƙaramar.

Buta a bakin ƙofa

Alamar da ta fi kowace saurin bayyana ita ce tashin fitsari. Ƙoda tana tace jini dare da rana, tana mayar da sukarin da ya biyo ta cikin jini don kada a yi asararsa. Amma ƙarfinta yana da iyaka. In sukari ya haura kimanin 180, wato 10, sai ya fi ƙarfinta ya tsallaka cikin fitsari. Sukari kuma ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja ruwa. Mafitsara ta cika, mutum ya farka, ya zaga, ya dawo maƙogwaro a bushe kamar ya haɗiyi gari, ya sha ruwa, ya kwanta. Kafin barci ya yi nisa mafitsara ta sake cika. Haka za a yi ta yi sau uku, sau huɗu, sau biyar.

Mutane sukan juya lissafin. Sai ka ji an ce, ai yawan shan ruwan da yake yi ne ke sa shi fitsari, a rage masa ruwa da daddare. Gaskiyar ita ce fitsarin ne ke jawo ƙishirwar, kuma hana shi ruwa ƙara masa wahala ne. Mafi muni shi ne wanda ke kashe ƙishirwar da lemon kwalba mai sanyi ko zoɓon da aka cika wa sukari. Wannan kamar mai kashe gobara da kananzir ne.

Tsofaffinmu suna da gwajinsu: in kiyashi na taruwa inda mutum ya yi fitsari, a bincika. Likitocin Indiya na zamanin da sun lura da haka, har suka sa wa ciwon suna mai ma'anar fitsarin zuma. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta ciwon a littafinsa na likitanci. A 1776 wani likita a Libaful ta Ingila, Matthew Dobson, ya ƙafar da fitsarin wani majinyaci a kan wuta, abin da ya rage a ƙasan tukunya ya ga sukari ne. Sai dai kiyashi mai zuwa a makare ne. Ba ya zuwa sai sukari ya riga ya fi ƙarfin ƙoda, alhali likita yana tabbatar da ciwon tun daga 126, wato 7.0, in an yi gwajin da safe kafin a karya kumallo. Tsakanin wannan lamba da zuwan kiyashi ana iya yin shekaru.

Ba kowane tashin dare ne sukari ba. Dattijon da ke tashi sau da yawa amma fitsarin ɗan kaɗan ne, yana fita da ƙyar, ya fi kama da kumburin ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Wasu magungunan hawan jini aikinsu ke nan su sa fitsari. Mai ciki ma tana yawan tashi. Fitsarin sukari dai mai yawa ne a kowace fita, fari tas, ga ƙishirwa, ga rama duk da mutum yana cin abinci. Mata da yawa kuma ƙaiƙayin gaba mai hana barci ne ke fara kai su asibiti. A yi ta maganin sanyi yana tafiya yana dawowa, ba wanda ya tuna a gwada jini.

Akwai wurin da ya kamata iyaye su buɗe kunne sosai. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance, kwatsam ya koma yi kullum, yana shan ruwa ba ƙoshi, yana ramewa, ba bulala yake bukata ba, ba kuma waƙar tsokana a bakin ƙofa ba. Irin ciwon sukarin da ke kama yara, wanda jiki ke daina yin insulin kwata-kwata, cikin makonni yake ƙasaita. In aka bar shi sai amai, da ciwon ciki, da numfashi mai zurfi da sauri, bakin yaro yana warin 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, daga nan sai suma. Sau da yawa a wannan mataki sai a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot. Ɗigon jini ɗaya a yatsa ya isa ya raba gardama. Kafin a gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, irin waɗannan yara ba sa daɗewa. Yau suna girma, su yi karatu, su yi aure, matuƙar an gane da wuri.

Ƙafar da ba ta barci

"Likita, da rana lafiya lau nake. Ina kwanciya sai ka ce an zuba min barkono a tafin ƙafa." Duk wanda ya zauna a layin masu ciwon sukari a asibiti ya ji irin wannan. Wani ya ce kamar ana tsira masa allura, wani ya ce kamar tururuwa na bin sa, wata ta ce ko zanen rufa ne ya taɓa yatsunta sai ta ji kamar wuta.

Sukarin da ya daɗe a sama yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Jijiya mafi tsawo ita ke fara galabaita, shi ya sa abin ke farawa daga yatsun ƙafa biyu, ya riƙa hawa kamar ana sa wa mutum safa. Kusan rabin masu ciwon suna samun wannan matsala in shekaru suka yi nisa. Da rana tafiya da hayaniya suna ɗauke hankali, da dare kuwa ba abin da ƙwaƙwalwa ke saurare sai ƙafar.

Raɗaɗin yana da wuya, amma ranar da ya ɗauke ba don an yi magani ba, a nan haɗarin yake. Ƙafar da ta daina jin zafi ta daina kare kanta. Lokacin hunturu, tsoho ya jawo kaskon wuta ya miƙa ƙafa, barci ya ɗauke shi, da safe a tarar da fata ta saluɓe bai ji komai ba. Likitoci a Darussalam ta Tanzaniya sun rubuta labarin majinyata da ɓera ya gwaigwaye musu yatsu suna barci, sai jini suka gani a shimfiɗa da gari ya waye. Ƙaramin rauni irin wannan ne ke zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Saboda haka mai ciwon sukari ya nisanta ƙafarsa da kasko, ya gwada ruwan ɗumi da gwiwar hannu kafin alwala ko wanka, kada ya fita tsakar gida cikin duhu ba takalmi, ya kuma duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare kafin ya kwanta. In idonsa ba ya gani sosai, ɗa ko jika ya duba masa, a shafa mai a faso.

Maganin ciwon jiki na kemis ba ya yi wa wannan raɗaɗi wani abin kirki, wasunsu ma ƙoda suke ƙara wa nauyi. Akwai magungunan jijiya na musamman da likita ke rubutawa, wasu da dare ake shan su don suna kawo barci. Wanda ya yi shekaru yana shan maganin sukari na metformin kuma, yana da kyau a duba masa bitamin B12, domin ƙarancinsa ma yana kawo irin wannan ciwo.

Minsharin da ke yankewa

Mun saba ɗaukar minshari abin dariya. Amma akwai wanda matar gida ta fi kowa sani: maigida ya yi ta ja, sai ya yi ɗif, ba numfashi, har ta fara tunanin taɓa shi, sannan ya fizgo iska da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Maƙogwaronsa ne ke rufewa in barci ya yi nauyi, kuma yana iya faruwa sau da dama a awa ɗaya ba tare da ya sani ba. Kowace yankewa jiki yana ɗaukar ta a matsayin shaƙa, sai ya saki sinadaran firgita, su kuma su ɗaga sukari da hawan jini. Wannan matsala ta yawaita a masu ƙiba da kaurin wuya, waɗanda su ne kuma ciwon sukarin manya ya fi kamawa. Irin mutumin nan ne ke tashi da ciwon kai, ya yi ta gyangyaɗi a shago ko a sahun masallaci.

Ƙarancin barci shi kansa yana dagula sukari. A 1999 masu bincike a Jami'ar Chicago sun taƙaita wa samari 11 lafiyayyu barci zuwa awa huɗu har dare shida. Kafin mako ya cika, jikinsu ya ragu sosai wajen kawar da sukari daga jini. Ka ga ke nan abin zagaye yake yi: sukari ya hana barci, rashin barci ya ɗaga sukari.

Ƙarfe biyu zuwa uku

Yanzu mun zo tsakiyar dare, kuma tsakiyar wannan babi.

A ɗauka wani magidanci ne da ke allurar insulin safe da yamma. Ranar ya yini a gona ana noman farko. Ya dawo a gajiye, ya yi allurarsa ta yamma kamar kullum, amma tuwon loma uku ya yi ya ture kwanon. Wajen ƙarfe biyu da rabi matarsa ta ji yana mutsu-mutsu yana gurnani. Ta kai hannu ta ji rigarsa sharkaf, jikin kuma sanyi ƙalau.

"Malam! Malam, lafiya?"

Ya buɗe ido yana kallon ta kamar bai taɓa ganin ta ba. Ya yi magana, harshen ya karye. Ta kama hannunsa, ya fizge da faɗa, mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba.

A gidaje da yawa abin da zai biyo baya sananne ne. Wani ya ce dannau ne, wata ta ce iska ce ta taɓa shi, a kawo garwashi da turare, a tashi malamin unguwa. Wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, a bari gari ya waye a nemi mota. Alhali ƙwaƙwalwarsa ce cokalinta ya ƙare, kuma maganin yana cikin gwangwanin kayan shayi, taku biyar daga inda yake kwance. Addu'a ba ta hana a ba shi sukari. A yi ta da baki, hannu yana dama ruwan.

Ana cewa sukari ya faɗi in ya sauka ƙasa da 70, wato 3.9. In ya kai ƙasa da 54, wato 3.0, an shiga haɗari sosai. Da rana jiki yakan yi gargaɗi: karkarwa, gumi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani. Barci kuwa yana dusashe wannan gargaɗi, sai mutum ya yi ta nutsewa bai farka ba. A wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 a kan masu allurar insulin 1,441, fiye da rabin munanan faɗuwar sukari cikin barci suka faru. A 1991 wasu likitoci biyu a Birtaniya, Tattersall da Gill, sun ba da rahoton mutum 22 masu wannan ciwo, yawancinsu sun kwanta lafiya aka tarar da su sun rasu da safe, shimfiɗarsu ko yamutsewa ba ta yi ba. Abin da aka fi zargi shi ne faɗuwar sukari da ta rikita bugun zuciya.

Ba kowane mai ciwon ne ke cikin wannan haɗari ba. Wanda metformin kaɗai yake sha, da wuya sukarinsa ya faɗi haka. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu allurar insulin, musamman irin mai kama da madara da ake yi da yamma, wadda ƙarfinta ke kaiwa ƙololuwa awa huɗu zuwa takwas bayan an yi ta, daidai tsakar dare ke nan. Sai masu shan ƙwayar glibenclamide da danginta, wadda mutane suka fi sani da sunan Daonil. Tana da araha, tana ko'ina, amma tana matsa wa jiki ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Ga tsohon da ƙodarsa ta yi rauni, tana iya riƙe sukari a ƙasa kwana guda ko fiye.

Abubuwan da ke buɗe wa faɗuwar ƙofa ba su da yawa. Akwai kwana da yunwa ko cin kaɗan bayan an sha magani. Akwai aikin ƙarfi da rana, domin tsoka tana ci gaba da zuƙe sukari awanni bayan an ajiye fartanya. Akwai giya, wadda ke hana hanta fitar da ajiyarta. Akwai amai da gudawa, da maganin zazzaɓi na kwinin. Akwai kuma haɗa jiƙe-jiƙen gargajiya da maganin asibiti ba tare da likita ya sani ba.

Wani lokaci faɗuwar takan zo ta wuce ba wanda ya farka, sai dai ta bar sawu: matashi jiƙe da gumi a daren da ba zafi, mugun mafarki, ihu cikin barci, tashi da ciwon kai da jiki kamar an yi wa mutum duka. Gumin dare yana da wasu iyaye, kamar zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka, wanda ya fi saurin kama masu ciwon sukari. Amma gumin zazzaɓi da zafin jiki yake zuwa, na faɗuwar sukari kuwa sanyi ne da danƙo.

In mutum yana iya haɗiya, a ba shi sukari kimanin giram 15: ƙwaya uku ko huɗu na sukari mai iyali, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofin lemon kwalba. A jira minti 15 a sake gwadawa. In bai haura 70 ba, a maimaita. In ya dawo hayyacinsa, a bi shi da abinci mai riƙe ciki, kamar burodi ko sauran tuwo, don kada ya sake faɗuwa kafin safiya. In ba na'urar gwaji a gidan, kuma an rasa gane hawa ne ko faɗuwa, a ba da sukarin. Idan hawa ne, cokali ɗaya ba zai ƙara wata ɓarna ba. Idan faɗuwa ce, an ceci rai.

In kuwa ya suma ko yana jijjiga, kada a ɗura masa komai, don zai iya wucewa huhu. A kwantar da shi a gefensa, a shafa ɗan zuma ko jiƙaƙƙen sukari a cikin kumatunsa, a nufi asibiti nan take, a tafi da kwalin magungunansa. Kalma ta farko da za a faɗa a bakin ƙofa ita ce, "Yana da ciwon sukari, ga abin da yake sha." Mai shan glibenclamide, ko ya farfaɗo a gida, a kai shi asibiti, domin faɗuwarsa tana dawowa.

Lambar asuba

Akwai ƙorafin da likitoci suka saba ji: "Na kwanta da 130, ban ci komai ba, na tashi da 190. Daga ina?" Daga rumbu. Tun wajen ƙarfe uku zuwa huɗu jiki ke fara shirin tashi. Yana sakin sinadarin girma da na kotisol, su kuma su umarci hanta ta ƙara awo don mutum ya sami ƙarfin fara yini. A jikin lafiyayye insulin yana ƙaruwa ya daidaita abin. A jikin mai ciwon sukari ba mai tarewa, sai lamba ta hau tare da alfijir.

Wani masani ɗan asalin Hangare da ya yi aiki a Amurka, Michael Somogyi, ya kawo wani bayani daban tun shekarun 1930. A ganinsa, wani lokaci sukari ne ke faɗuwa da tsakar dare, jiki ya firgita ya buɗe rumbu da ƙarfi, a wayi gari da lamba a sama. Na'urorin zamani da ake liƙawa a damtse suna auna sukari dare da rana sun nuna wannan bai yawaita yadda aka zata ba. Duk da haka darasin yana nan: lambar safe ba ta ba da labarin dare duka. Wanda ya ga ta hau ya ƙara wa kansa allurar yamma yana iya jefa kansa cikin ramin ƙarfe biyu. Abin yi shi ne a sa agogo, a gwada kafin kwanciya, da ƙarfe uku, da asuba, dare biyu ko uku, a kai wa likita lambobin. Mai tashi tahajjud ma ya riga ya sami rabin aikin.

Watan azumi kuwa juya dare yake yi ya koma rana. Ana buɗa-baki da kunu da ƙosai da dabino da lemo, sukari ya yi sama, a je asham, a dawo a sake ci, sannan maganin da aka sha da sahur ya zo ya yi aikinsa da la'asar, lokacin da ciki ya zama fanko. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 a azumin 2001 ya gano mummunar faɗuwar sukari ta ninka fiye da sau bakwai a masu ciwon sukarin manya. Shi ya sa ake so a ga likita tun a Sha'aban a sake tsara magani, a jinkirta sahur, a kuma karya azumi in lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300.

Mai shaidar dare

Likita yana ganin majinyaci minti goma, da rana, sau ɗaya a wata ko wata uku. Abin da ya faru a sauran darare, sai wanda ya gani. Saboda haka ƙaramin littafi na 'yan makaranta a gefen shimfiɗa yana da daraja: sau nawa aka tashi, me aka ci da dare, ƙarfe nawa aka yi allura, an yi gumi ko ba a yi ba, me na'ura ta nuna. Kusa da shi a ajiye tocila, da takalmi, da ƙwayoyin sukari a ƙaramin gwangwani mai murfi, inda hannu zai kai cikin duhu. Mai allura da ya ga lambarsa ƙasa da 100, wato 5.6, lokacin kwanciya, ya ɗan taɓa wani abu kafin ya rufe ido.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi wuya a gidajenmu, wato faɗa. Akwai magidanta da ke ɓoye ciwon ga iyalinsu, su yi allura a ɓoye a shago, don kada a ce sun zama abin tausayi. Akwai amaren da ke ɓoye wa miji. Mai mata fiye da ɗaya kan gaya wa uwargida ya bar amarya cikin duhu, alhali faɗuwar sukari ba ta tambayar ranar girkin wa. Ɗalibin da ke makarantar kwana, da direban da ke kwana a tasha, da tsohuwar da jikarta kaɗai ke taya ta kwana, kowannensu yana bukatar mutum ɗaya a kusa da ya san ma'anar gumi mai sanyi da ƙarfe biyu, ya kuma san inda gwangwanin yake.

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, in yana farke. In ya yi barci, sai wanda ke kwance kusa da shi.